Ƙasar kan duwatsunmu ba ta gona ba ce, a bar mata dajinta

Duk wanda ke bin hanyar Bauchi zuwa Dass, ko ta Toro, ko ta Ningi, ya san buhunan gawayin da ke jere a bakin titi, kuma in yana ɗaga kai ya ga yadda sassabe ke hawa jikin duwatsu. Da can gona a gindin dutse take tsayawa. Yanzu ta kai ƙugunsa, wani wurin ma tana neman kansa. Ra'ayina a kan wannan zan faɗe shi ba kwana-kwana: asara muke tafkawa, kuma wanda ya yi sassaben shi ne zai fara ɗanɗana ta.

Na san amsar da za a ba ni. Za a ce ai ƙasar wurin baƙa ce wuluk, ga laushi, ga sanyi, kuma shekarar farko masara tana yi har ta ba da mamaki. Gaskiya ne. Amma wannan baƙin ba daga dutsen ya fito ba, jama'a. Daga ganye ya fito.

Yawancin duwatsun da suka kewaye mu, irin na Mbula a Dass da waɗanda ke zagaye da garin Bauchi, giranit ne, wato irin dutsen da ake fasawa a yi tsakuwar gini, ko danginsa. Masana suna ba su shekara wajen miliyan 600. Na Ningi da na Jos masu kuza ƙannensu ne, ba su kai miliyan 200 ba. Akwai ma wani ɗan'uwan giranit, mai duhun kore, da Farfesa Mosobalaje Oyawoye ya yi nazarinsa a nan har ya raɗa masa sunan Bauchi, kuma da sunan ake karanta shi a jami'o'in duniya. In ka ɗauki tsakuwar da ake fasawa don gini ka duba da kyau, abu uku za ka gani a cakuɗe: wata ƙwaya mai haske da ake kira kwats, wata fara ko ja-ja da ake kira feldisfa, sai baƙa mai walƙiya mai ɓarewa falle-falle, wato maika. Idan rana da ruwa da saiwar itace suka ci dutsen, kowanne da inda yake nufa. Kwats ba ya narkewa, shi ne ke zama yashi da burji, kuma ba abincin shuka ko kaɗan a cikinsa. Feldisfa yana ruɓewa ya koma farar laka, yana sakin ɗan fotash. Maika tana ba da ƙarfe, wanda ke rina ƙasa ja. Abin da giranit bai da shi da yawa shi ne kalsiyam da maganiziyam da fosfaras, kuma fosfaras ɗin nan shi ne harafin tsakiya a buhun NPK da muke saye da tsada.

To ka ga tun daga tushe ƙasar ta fito da talauci. Yashi ya fi yawa a cikinta, tana da ɗan tsami (a ma'aunin pH sau da yawa wajen 5 zuwa 6 take, alhali 7 ne tsaka-tsaki), kuma 'yar lakar da ke ciki irin wadda ba ta iya riƙe taki ce sosai. Ƙasa ce kamar rariya, abin da ka zuba sai ya bi ruwa ya wuce. Ba daidai take da jar ƙasar Panyam da Biyu ba, wadda ta fito daga dutsen aman wuta, balle baƙar lakar wajen Gombe da ta riƙe auduga shekara da shekaru. Ga kuma rashin kauri. A kan gangare sau da yawa ba ka haƙa kamu ɗaya ba fartanya ta ce ƙwas.

Sai mutum ya tambaya, in haka ne, me ya raya doka da marke da ƙirya da madobiya a wurin? Dajin ne ke ciyar da kansa. Da kaka ganye ya zube, gara da tana da ƙananan halittun da ido ba ya gani su cinye shi su mayar da shi baƙar ƙasa, saiwoyin da ke shimfiɗe a sama-sama su tsotse abincin tun bai gangara ba, ya koma ganye, ya sake zubowa. Haka abin ke zagayawa. Manyan saiwoyi kuma suna ratsa tsagar dutse su shiga ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashi, su jawo ɗan fotash da kalsiyam daga inda masara ba za ta taɓa kaiwa ba. Ƙirya da madobiya dangin wake ne, suna ƙara wa ƙasa naitirojin. Ararrabi da kukuki da ɓauren dutse kuwa su ne ke fara kama wurin da babu komai, su tare ƙura da ganye a tsaga har wata shuka ta samu wurin zama. Albarkar gaba ɗaya a 'yan yatsun da ke sama take, da kuma jikin itatuwan kansu. Ranar da aka sare su aka loda a mota, rabin dukiyar gonar ce ta tafi kasuwa.

Abin da ke biyo baya kowa ya gan shi. An sare, an banka wuta. Naitirojin ya bi hayaƙi, toka ta rage, ita ce ke kashe tsamin ƙasa na ɗan lokaci ta ba da amfanin shekarar farko. Ruwan Bauchi kuma ba ya zuwa a hankali. Wajen milimita 1,000 muke samu a shekara, kusan duka a wata biyar, mafi ƙarfinsa a Yuli da Agusta. Ruwan farko yana samun gangaren tsirara, ba inuwa ba ganye a ƙasa, sai ya kwashe tokar da baƙar ƙasar tare. Shekara ta biyu amfani ya ragu. Ta uku ko ta huɗu sai ga ƙuduji a gindin dawa, ga burji ya fito fili, manomi ya ƙara buhun taki, ya ƙara wani, kuma yuriya in aka daɗe ana zuba ta ita kaɗai ƙara tsamin take yi. Daga nan sai a bar wurin a hau sama a sake sassabe. Wurin da aka bari ba ya zama saura ya huta ya dawo kamar gonar tudu, domin ƙasar ce kanta ta tafi, falalen dutse ya rage. Kafin dutse ya sake ruɓewa ya ba da ƙasa mai kaurin ɗan yatsa, ɗaruruwan shekaru ake magana.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Giranit mai lafiya ba ya riƙe ruwa. Yawancin rijiyoyi da burtsatse a yankin duwatsun nan daga wuri biyu suke sha: ruɓaɓɓen dutsen nan, da tsagogin da ke ƙarƙashinsa. Ku tambayi masu haƙa rijiya, sun fi kowa sani. Ƙasar dajin kan dutse ita ce ke tare ruwan sama ta ba shi lokaci ya nitse ya cika waɗannan wuraren, shi ya sa ake samun idon ruwa a gindin dutse har cikin rani. In ta tafi, ruwan sai ya gangaro lokaci guda, ya yanka kwazazzabo, ya binne fadama da yashi, sannan rijiya ta ƙafe tun bazara ba ta kama ba. Kogin Gongola daga tsaunukan nan na Jos da Bauchi yake tasowa ya bi har Dadin Kowa, yashin da muka saki kuwa ba ya da wurin zuwa sai inda ruwa ya kai shi. Wanda ke noman rani a kwari bai sare ko reshe ba, amma da shi ake biyan bashin.

Ba na zagin mai gawayi. Mutum ne da iyali, kuma mu na cikin gari mu ne masu saye tun da gas da kananzir suka fi ƙarfinmu. Ba kuma cewa nake ba a taɓa noma dutse ba. An yi, amma dubi yadda aka yi. Mutanen Tula a Gombe, da na Sukur a Adamawa waɗanda UNESCO ta sa wurinsu cikin kayan tarihin duniya a 1999, jera duwatsu suka yi mataki-mataki suka tare ƙasa, suna kai mata takin dabbobi, suna barin itatuwa a tsaye. Mutanen Bogoro da Tafawa Ɓalewa sun san acca ce ke jure ƙasa mai yashi, ba su tilasta mata abin da ba za ta iya ba. Wancan noma ne na wanda ya yi niyyar zama. Na yanzu na ci-ka-wuce ne.

Saboda haka roƙona ga masu unguwanni da dagatai da hakimai, Allah ya ja zamaninku, ku ne ke ba da fili. In an zo neman gangare mai tsayi, a hana, a nuna wa mutum gindin dutse inda ƙasa ta taru ta yi kauri. Wanda gonarsa ta riga ta hau, ya jera duwatsu a gicciye, ya yi kunya a gicciye ba a miƙe da gangare ba, ya bar karan dawa da ganye a ƙasa maimakon ƙonewa, ya haɗa da gyaɗa ko wake, takin zamani kuma ya raba shi kashi biyu ko uku bayan ya sa na gida. Kututturen da ya toho kada a sake sare shi, a rage masa rassa a bar ɗaya ko biyu, don saiwarsa tana nan da rai kuma ya fi dashe saurin girma. Gandun dajin Lame-Burra da ƙananan gandayen da ke hannun ƙananan hukumomi suna buƙatar malaman daji masu albashi da babur, waɗanda za su iya hawa su duba kafin a sa gatari.