Cinikin Fabrairu a NBA: ramce ne da ake biya da gurbin zaɓe

A gasar ƙwallon kwando ta NBA da ke Amurka, ana rufe kasuwar musayar 'yan wasa ne a watan Fabrairu, bayan kowace ƙungiya ta buga kusan wasa 50 cikin 82. Wanda aka sayo a lokacin wasa 30 ko ƙasa da haka ya rage masa ya saba da sabbin abokan wasa kafin zagayen fitar da gwani. Kuɗin cinikin kuwa galibi gurbin zaɓen sabbin 'yan wasa ne, wato matsayin ƙungiya a layin ɗaukar sabbin 'yan wasa da ake yi zagaye biyu duk shekara, kuma doka ta yarda a sayar da na shekara bakwai gaba. A ganina, cinikin nan ba ya riba sai ga ƙungiyar da ta riga ta ginu, giɓi ɗaya take neman cikewa.

Toronto ta yi haka a 2019. Tana da Kawhi Leonard da Kyle Lowry, dogon mai tsaron ƙarƙashin kwando kawai ta rasa, sai ta ɗauko Marc Gasol daga Memphis ba tare da ta taɓa gurbinta na zagayen farko ba. A watan Yuni ta ɗauki kofi. Indiana ma ta ba da gurbi uku kan ɗan Kamaru Pascal Siakam a Janairun 2024, amma biyu na shekarar ne, kuma gurbin ƙungiyar da ke cin wasa can ƙasan layi yake faɗawa. Ta kai wasan ƙarshe na yankin gabas a 2024, ta kai na gasar gaba ɗaya a 2025.

Phoenix ce ta ci bashin da ya fi ƙarfinta. A Fabrairun 2023 ta ɗauko Kevin Durant daga Brooklyn, ta ba da Mikal Bridges da Cam Johnson da Jae Crowder, ta ƙara da gurbin zagayen farko na 2023 da 2025 da 2027 da 2029, ba ko ɗaya da sharaɗin kariya, wato sharaɗin da zai bar mata gurbin idan ya faɗo saman layi. Tsallaken shekarun nan dokar Stepien ce ta jawo shi, wadda ta hana ƙungiya zama ba gurbin zagayen farko shekara biyu a jere. Wato iyakar abin da doka ta bari, shi Phoenix ta kwashe ta miƙa. Denver ta fitar da ita a zagaye na biyu na fitar da gwani a 2023, Minnesota ta yi mata 4-0 a 2024, a 2025 kuwa wasa 36 kacal ta ci. Gurbinta na shekarar ya faɗo na 10 yana hannun Houston, wadda ta karɓe shi daga Brooklyn, kuma sai da Phoenix ta sallama Durant ɗin ga Houston kafin ta karɓo gurbinta.

Sharaɗin kariya layi ɗaya ne a yarjejeniya: idan gurbin ya faɗo cikin huɗun farko, alal misali, mai shi ya riƙe abinsa, a biya wata shekara. Clippers ta yi sakaci da shi a Fabrairun 2011, garin rabuwa da albashin Baron Davis. Gurbin da ta ba Cleveland damarsa kashi 2.8 cikin ɗari ce a ƙuri'ar da ake jefa wa ƙungiyoyi 14 da suka kasa tsallakewa zuwa zagayen fitar da gwani, amma shi ya fito na ɗaya, Cleveland ta ɗauki Kyrie Irving.

Za a ce ai Dallas ta sayar da Luka Dončić a Fabrairun 2025 kuma ta wanye lafiya. Ba dabara ba ce. Anthony Davis da aka kawo ya ji rauni a wasansa na farko, ƙungiyar ta kasa tsallakewa, sai ƙuri'a ta ba ta gurbi na ɗaya duk da damarta kashi 1.8 cikin ɗari ce kacal. Da gurbin 2025 ba ya hannunta, da wata ƙungiyar ce ta ɗauki Cooper Flagg.