Kafin Zaki da agwagin Dagona

Maganar gina madatsar ruwa ta Kafin Zaki a jihar Bauchi, a kan kogin Jama'are da ke malala zuwa fadamar Haɗeja da Nguru, ta ƙi mutuwa tun zamanin Shagari. Duk lokacin da aka sake tayar da ita, wanda ya kuskura ya ambaci tsuntsayen fadamar sai a yi masa caa: wai tsuntsu ya fi mutum ne? Wannan tambaya ce ta hana ni sakat.

Na so a ce masu yin ta sun taɓa shiga kwalekwale a Dagona, mafakar tsuntsayen ruwa a jihar Yobe, da sassafe cikin watan Janairu, hazo ya lulluɓe ko'ina, sanyi na ratsa ƙashi. Kana cikin tafiya sai garken agwagi ya tashi gaba ɗaya, ƙarar fukafukansu kamar ruwan sama a kan rufin kwano. Akwai 'yan gida, su kirinjijiya da dinya da zalɓe. Akwai baƙi daga Turai da Rasha, waɗanda suka ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka wajen Oktoba, su juya wajen Maris. Abin da ke kawo su shi ne ruwa marar zurfi da ambaliyar damina ta bari, da ƙwari, da shinkafar da ta zube bayan girbi. Ruwan nan, wanda kaso mai yawa nasa ke gangarowa daga duwatsun Filato, shi ne dai masunci a Gashuwa ke jira, shi manomin shinkafa ke jira, shi Bafulatani ke koro shanunsa dominsa da rani. Ranar da agwagwa ta rasa inda za ta sauka, su ma sun riga sun rasa abinci.

Ai mun gani da idonmu. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duka a kan kogunan da ke zuba cikin kogin Haɗeja. Ambaliyar da ke cika fadama ta ragu, ruwan da ake saki har cikin rani kuma ya hana magudanai bushewa, sai kachala ta mamaye su, ta toshe hanyar ruwa da ta kwalekwale. Cikin kachalar nan jan-baki ke kwana yana hayayyafa, ya wayi gari a gonakin shinkafa da gero. Tsuntsun da manomi ke kwana yana kora da gwangwani, madatsa ce ta shimfiɗa masa gado. Jama'are ne babban kogin da ya rage babu shinge, shi ne kuma ake son a ɗaure.

Za a ce noman rani a Bauchi zai samar da aikin yi. A ƙwace na bakin mutumin Yobe a ba na Bauchi, wannan ba ci gaba ba ne, zalunci ne da aka yi wa ado da siminti. Abin kunya ne ƙasar da ta kai tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayin Ramsar, wato dausayin da duniya ta amince a kare, a shekarar 2000 ta zo tana nazarin yadda za ta ƙarasa su.

A fara gyara yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa ya bi tsarin damina, a share kachala da gaske. Ga cibiyar nazarin tsuntsaye ta Leventis a Laminga kusa da Jos tana yaye masana 'yan ƙasa. A ba su kuɗi su yi ƙidayar tsuntsaye ta watan Janairu kowace shekara, a kuma karanta alƙaluman a gaban gwamnonin Bauchi da Jigawa da Yobe kafin kowa ya sake ambatar Kafin Zaki.