Ƙungiyar fasaha ba ta balaga sai ta iya rayuwa bayan wanda ya kafa ta

A shekarar 1961 wasu marubuta da masu zane suka buɗe wata ƙungiyar fasaha mai suna Mbari a Ibadan, cikin wani tsohon gidan abinci a kasuwar Dugbe. Akwai Wole Soyinka da Christopher Okigbo da J.P. Clark, ga kuma Ulli Beier da ya riƙe ragamar tafiyar. Ba riba suka fito nema ba. Suka buga littattafai, suka yi wasan kwaikwayo a tsakar gida, suka baje zanen Ibrahim El-Salahi na Sudan. Cikin 'yan shekaru sunan wurin ya zagaye Afirka.

Sai dai ƙwansu duka a kwando ɗaya yake. Mafi yawan kuɗin yana zuwa ne daga wata ƙungiya a Paris, wadda daga baya aka fallasa cewa CIA ta Amurka ce ke ɗaukar nauyinta. Beier ya bar ƙasar, yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, Okigbo ya rasu a fagen daga. Mbari bai sake miƙewa kamar da ba.

Ina ganin a nan muke kuskure. Mun ɗauka girman ƙungiya shi ne cikar zaure da manyan baƙi. Wannan ƙuruciya ce, kuma tana da daɗinta. Balaga tana cikin aikin da ba a tafa wa kowa: littafin shiga da fitar kuɗi, kwamitin amintattu da zai iya ce wa shugaba a'a, hanyoyin samun kuɗi fiye da ɗaya, da yaron da aka koya wa aiki tun maigida yana da ƙarfinsa.

Dubi CCA, cibiyar fasahar zamani da Bisi Silva, mai shirya baje kolin fasaha, ta kafa a Yaba, Legas, a 2007. Ta tara ɗakin karatu mai dubban littattafan fasaha, ta kuma buɗe makarantar Àsìkò don horar da matasa daga sassan nahiyar. Ta rasu a 2019, ƙofar ba ta rufu ba.

Abin yana damuna idan na tuna ƙungiyoyin marubuta da na wasan daɓe a garuruwanmu, daga Kano zuwa Damagaram. Da yawa hatimi da makulli da lambar asusu duk suna aljihun mutum ɗaya, mutumin kirki kuwa, mai ciyar da ƙungiya daga albashinsa. Ranar da aka yi masa canjin wurin aiki, ko rajistar mambobi sai a neme ta a rasa.