Alhaji, Amurka ba ta hana zubar da ciki ba, hanya kawai aka canja

Wallahi na gaji da saƙon nan. Yau kwana uku ke nan ana jefo shi a guruf ɗinmu na tsofaffin 'yan makaranta, kowa na zuba masa kabbara, wai Amurka ta dawo hanya, ta haramta zubar da ciki, an ceci miliyoyin jarirai. Ina cewa ba haka lissafi ya nuna ba, sai wani Alhaji a cikinmu ya turo min saƙon murya na minti 9, yana huci, wai boko ya cinye min kai. To Alhaji, tunda a can an ce in yi shiru saboda zumunci, ga amsarka a fili.

Amurka ba ta haramta komai ba. Abin da Kotun Ƙoli ta yi ranar 24 ga Yuni, 2022, a shari'ar Dobbs da ta taso daga Mississippi, shi ne ta rushe hukuncin Roe na 1973, wanda ya ba mata 'yancin zubar da ciki a duk faɗin ƙasar, ta ce kowace jiha ta yanke wa kanta. Jihohi goma sha wani abu, irin su Texas da Alabama da Louisiana da Tennessee, suka rufe ƙofa ruf. Georgia ta tsayar da shi a mako 6, Florida ta bi sahu a watan Mayun 2024. Mafi yawan sauran kuma ƙofarsu na nan a buɗe, wasu ma ƙara wangale ta suka yi.

Yanzu ga abin da ba a sa muku a cikin saƙon ba. Cibiyar Guttmacher, wadda ta shafe shekaru tana wannan ƙidaya, ta ce a 2020 an zubar da ciki kusan 930,000 a faɗin ƙasar. A 2023, cikakkiyar shekarar farko bayan hukuncin, adadin ya haura miliyan 1. Sama ya yi, Alhaji, sama. An fi shekara goma rabon da a ga irin wannan adadi. Miliyoyin naka da aka ceta, a wane littafi aka rubuta su?

Na san me za ka ce, ai Guttmacher 'yan goyon bayan abin ne. Haka ne, ba su taɓa ɓoyewa ba. Kawo naka lissafin mu gani. Wani kuma zai ce ai dama adadin ya fara hawa tun bayan 2017. Shi ma gaskiya ne, kuma ni ban ce dokar ce ta ƙara shi ba. Cewa na yi bai sauka ba, alhali kai murnar saukarsa kake yi.

Dalilin kuwa ko yaro ya gane shi. Tsakanin jiha da jiha a Amurka babu biza, babu shingen kwastan. A 2023 kaɗai mata kusan 170,000 suka tsallaka wata jiha don a yi musu, ninki biyu na waɗanda suka yi hakan a 2020. Akwai wani ɗan ƙaramin gari a kudancin Illinois, sunansa Carbondale. Kafin hukuncin ko asibiti ɗaya na wannan aiki babu a cikinsa. Ana yanke hukunci masu asibiti daga Memphis suka zo suka buɗe reshe, tafiyar awa uku ce a mota, ga jirgin ƙasa daga New Orleans yana ratsa garin. Mutanen Texas kuma suka kwarara New Mexico da Kansas. Kansas ɗin nan fa jihar masu ra'ayin riƙau ce, amma da aka ba su ƙuri'a a watan Agustan 2022 sai suka ƙi yarda a cire wannan 'yanci daga tsarin mulkin jiharsu. Hanya aka canja, Alhaji.

Wadda ba za ta iya tafiya ba kuma, ƙwaya za ta same ta har gida. A 2023 kashi 63 cikin ɗari na zubar da ciki a ƙasar da ƙwayoyi aka yi, mifepristone da misoprostol. Tun ƙarshen 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta cire sharaɗin sai mace ta je da ƙafarta ta karɓa. Sai jihohi irin su Massachusetts da New York da California suka yi dokokin da ke kare likitocinsu idan sun aika magani jihar da aka hana. Mace na zaune a ɗakinta a Texas, ta yi magana da likita ta waya, bayan 'yan kwanaki ɗan aike ya ajiye mata ƙaramin ƙunshi a bakin ƙofa. Zuwa ƙarshen 2024 kusan ɗaya cikin huɗu na zubar da ciki a faɗin ƙasar ta hanyar waya da aike ake yi. Louisiana ta tuhumi wata likitar New York a watan Janairun 2025, ta nemi a miƙo ta. Gwamnar New York Kathy Hochul ta ce ko kusa. Shi ke nan, magana ta tsaya a nan.

Bari in sauke murya in faɗi wani abu tsakanina da Allah. Ni uba ne, ina da 'ya'ya mata, kuma ba na murna da ko ɗaya daga cikin alƙaluman nan. Dokar ta kama wasu, ba na musu. Masu bincike sun ga haihuwa ta ƙaru da kusan kashi 2 cikin ɗari a jihohin da suka hana, kuma waɗannan yara ne masu rai, Allah ya raya su. Amma su wa ta kama? Wadda ba ta da mota, ba ta da kuɗin otal, in ta bar aiki kwana biyu a kore ta, ba ta da wanda za ta bar wa yara. Mai hali ta hau jirgi ranar Juma'a, Litinin tana ofis. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Texas, bayan dokar mako 6 ta 2021, mutuwar jarirai ta ƙaru da kusan kashi 13 cikin ɗari a shekara guda, alhali a sauran ƙasar ƙaruwar ba ta kai kashi 2 ba, kuma da yawansu da nakasa mai tsanani aka haife su. Wannan ma bai shiga saƙon naku ba.

Abin da ya fi ba ni haushi ma, ƙasar da kuke yi wa kabbara har yau ba ta da dokar tarayya da ta ba mai jego hutu da albashi. Dokarsu ta 1993 mako 12 ta bayar, babu ko sisi, shi ma ba kowace ma'aikaciya ya shafa ba. Jego bai yi arba'in ba mace ta koma tsayuwa a kanti. Amma wannan zancen wata rana ne.

Kuma don Allah shugaban guruf, a sa doka a kan saƙon murya. Minti 9, uku daga ciki gyaran murya ne da gaisawa da mai gadi, ga data ta yi tsada.