Yawan waɗanda aka tambaya ba shi ne ingancin bincike ba

Jama'a akwai abin da nake yawan gani, da an fitar da sakamakon jin ra'ayi sai ka ji ana cewa ai mutum dubu biyu kacal suka tambaya, ni ma ba wanda ya tambaye ni, ƙarya ce kawai. Wallahi ba haka lissafin yake ba. Abin dubawa shi ne yadda aka zaɓo mutanen, kowa ya samu dama daidai ko wani ɓangare kawai aka ɗebo? Uwargida in ta juya miya da kyau cokali ɗaya ya isa ta san gishiri ya ji, in ko bata juya ba ko ludayi goma ta sha daga sama ba za ta san na ƙasan tukunya ba.

A zaɓen Amurka na 1936 mujallar Literary Digest ta aika takardun jin ra'ayi kusan miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta ce ɗan takara Landon zai kada shugaba mai ci Roosevelt. Amma galibin sunayen daga jerin masu tarho da masu mota ta kwaso su a lokacin da talaka ke cikin matsi, ga shi kuma waɗanda suka ga dama ne kaɗai suka amsa. George Gallup, wani mai binciken jin ra'ayi, da ya tambayi mutum wajen 50,000 ya ce Roosevelt ne, kuma shi ɗin ya ci jihohi 46 cikin 48.

Haka ƙuri'ar Facebook take, ko dubu ɗari suka danna, manomin da bashi da data baya ciki.