Vespar Baba da tsofaffin baburan Mandello

Muna yara a Kano, da mai shi ake gane babur. Vespa ta malamin makaranta ce ko ma'aikacin gwamnati, mai babbar riga da jarida a hammata. Ba wanda ya taɓa tambayar wace shekara aka ƙera ta. Sai da ci-rani ya kawo ni Lecco, a bakin tafkin Como da ke arewacin Italiya, na tarar da mutanen da ke karanta babur kamar yadda Bafulatani ke karanta saniya.

Sama da mu kaɗan akwai garin Mandello del Lario, inda kamfanin Moto Guzzi yake tun 1921. A watan Satumba masu baburansa kan yi dafifi zuwa can. Wani dattijo maƙwabcina, tsohon bakanike, shi ya fara ja na. Muna tsaye daura da jar ƙofar masana'antar, bai ko waiwaya ba ya ce, "Saurara, samari, Falcone ce ke tafe." Ita ce kuwa, wani tsohon samfurin babur na Moto Guzzi. Silinda ɗaya a kwance tana kallon tayar gaba, ga wani faifan ƙarfe a waje gefen hagu yana ta juyawa, wanda suke kamanta shi da injin yanka nama. Bugunta a hankali yake, dum, dum, kamar ana daka a turmi, har kana iya ƙirgawa. An fara yin ta a 1950. Mikiyar da ke jikin tanki kuma ba ado ba ce kawai, tunawa ce da Giovanni Ravelli, matuƙin jirgin sama abokin waɗanda suka kafa kamfanin, da ya mutu a haɗari a 1919 kafin a ƙera babur ko ɗaya.

Daga nan ya shiga koya mini sauran. In ka ga kawunan inji biyu sun leƙo dama da hagu a gaban gwiwar mahayi, babu sarƙa a baya, Guzzi ce ta zuriyar V7, daga 1967 zuwa sama. In silinda ɗaya ta kwanta ɗaya ta miƙe, da bututu mai sheƙi ya hau jikin kowace a gefen dama, tsohuwar Ducati ce ta Bologna, aikin injiniya Fabio Taglioni. Mai launin ruwan lemo mai haske kuwa, ka fara zargin ta kamfanin Laverda ce. Na taɓa kiran wata Lambretta, mai kama da Vespa amma ta wani kamfani daban, da Vespa, dattijon nan ya kalle ni kamar na zagi iyayensa.

Abin da ya tsaya mini a rai Vespa ce, don ita na sani. Injinta a gefen dama yake, safayar taya a hagu, giya a hannu ake murɗa ta tare da kuloci. Ta farko-farko fitilarta a kan murfin tayar gaba take, ba a kan hannu ba, kuma irin wannan yau tsadarta sai mai hali. Kamfanin Piaggio ya fito da ita a 1946, sunan kuma ma'anarsa zanzaro, saboda siririn ƙugu da ƙugin injin. Ko adaidaita sahun da ya cika titunanmu jikan gidan ne: Piaggio ya yi mai ƙafa uku a 1948, Indiya ta karɓi lasisi, daga can ya iso mana.

Mutane kan ce Turawa sun fi mu sanin inji. Ban yarda ba. Bakaniken bakin titi a Fagge zai ji kukan Vespa daga nesa ya ce maka fulogi ne ko kafireto, ya tashe ta da waya da tsohuwar roba, abin da a nan sai an yi odar kaya an jira mako biyu. Bambancin a ido yake. A wurinmu tsohon abin hawa alamar karayar arziki ce, mai shi kunya yake ji, ana samun sarari a sauya. A nan tsufa daraja ce, har hukuma ta sauke harajin mallaka ga abin hawan da ya kai shekara 30. Gaskiya ne baburan nasu ne, kakan wani shi ya ɗaure notin da hannunsa, kuma mai neman na cefane ba ya ajiye ƙarfe don kallo. Amma ai Vespar da ta kai uwa asibiti haihuwa, ta ɗauko ragon suna, ta yi shekara ashirin tana zirga-zirgar makaranta, ta zama tamu ko a ina aka ƙera ta.

Ranar da na dawo daga Mandello na kira ƙanena.

"Wai ina Vespar Baba, shuɗiyar nan da ke zaure?"

"Haba Yaya, ai tun bara 'yan gwangwan suka ɗauke ta. A kilo aka auna."

Na tambaye shi ko ya tuna inda fitilarta take, a hannu ko a ƙasa. Ya yi dariya, ya ce katinsa ya kusa ƙarewa.