Da muguwar rawa gara ƙin tashi

Ranar da na gaya wa yayana a waya cewa na fara koyon tuƙin ƙaramin jirgin sama, shiru ya yi, can ya ce, "To ƙanena, aikin naka fa? Ajiye shi za ka yi ka koma kamfanin jirage?" Na ce a'a Yaya, aikina yana nan, wannan na ranar Asabar ne kawai. Ya ce, "Wato don nishaɗi mutum zai ɗauki ransa ya kai sama?" Ban ga laifinsa ba, domin kafin zama ya kawo ni Amurka, ni ma tunanina ke nan.

A Najeriya hanya ɗaya muka sani ta zama matuƙi: ka shiga makaranta irin kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya, wadda aka kafa tun 1964, ka gama, ka sa farar riga mai igiyoyi a kafaɗa, ka nemi aiki. Sana'a ce mai daraja. Bayan wannan sai attajiri mai jirgin kansa, shi kuma yawanci a kujerar baya yake zama. Tsakanin waɗannan biyun da wuya ka ga kowa. A nan kuwa tsakiyar ce ta cika. Filayen jirgi da aka buɗe wa jama'a a Amurka sun kai kimanin 5,000, amma waɗanda jiragen fasinja ke zuwa wajen 500 ne kawai. Sauran ƙanana ne, wasu ma ciyawa ce titinsu, mafi yawa ba su da hasumiyar ba da umarni, matuƙa ne ke sanar da juna ta rediyo inda kowa yake. A filin da nake zuwa, wani mai gyaran famfo da wata ma'aikaciyar jinya da wani dattijo manomi sun haɗa kuɗi sun sayi tsohon Cessna 172, suna karɓa-karɓa. Jirgi ne mai kujeru huɗu da inji ɗaya, an fara sayar da shi a 1956, an ƙera sama da 44,000, babu wani jirgi a tarihi da ya kai shi yawa.

Dokar Amurka ta ce ɗan shekara 16 zai iya tashi shi kaɗai, ya karɓi lasisi a 17, bayan aƙalla awa 40 a sama: 20 tare da malami, 10 shi kaɗai, sauran yadda aka tsara. Amma mafi yawan ɗalibai sai sun zarce haka sosai, kuma babu mai ɗaukar wannan a matsayin gazawa.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda ake kashe waɗannan awoyi. Tashi da miƙe jirgi a sarari ba shi da wuya, cikin 'yan kwanaki hannu yake faɗawa. Sauran lokacin duk a kan ɓacin rana ake ƙarar da shi. Muna tafiya lafiya lau sai malamata, wata dattijuwa mai sanyin murya, ta miƙa hannu ta janye wutar inji ta ce, "Injinka ya mutu, ina za ka sauka?" A nan take sai ka daidaita gudu, ka zaɓi gona ko fili, ka duba inda iska ke kaɗawa. Wata ranar kuma ta sa ka ɗaga hancin jirgi har iska ta daina ɗaukar fikafikai, ya yi rawa ya sunkuya, don jikinka ya san alamar tun kafin ta same ka kusa da ƙasa. Kafin kowane tashi sai ka zagaya jirgin da ƙafa, ka tsiyayo mai a ɗan kofi ka ɗaga shi a haske: man shuɗi ne, in akwai ruwa za ka gan shi kwance a ƙasan kofin. Sannan ka karanta takardar dube-dube layi bayan layi, ko ka haddace ta. Wannan takarda asalinta hatsari ne. A 1935 wani sabon jirgin yaƙi na Boeing ya faɗi a jihar Ohayo yana tashi, a hannun ƙwararrun matuƙa, saboda an manta ba a cire makullin da ke riƙe da sitiyarinsa ba. Daga nan aka gane ƙwarewa ba ta hana mantuwa.

Darasin da ya fi shiga raina ba a sama na koye shi ba. Bayan na samu lasisi, wani abokina ya zo da 'ya'yansa biyu, na yi musu alkawarin shawagi. Yara sun yi kwalliya, an sanar da dangi, an shirya ɗaukar hoto. Muka isa fili, sai ga hazo ya sauko, ana ganin ƙasa amma ba a ganin inda sama ta haɗu da ita. A doka ina iya tashi. Abin da ya tsaya mini a wuya kunya ce. Mu an raine mu a kan cewa in ka tara mutane ba ka watsa musu ƙasa a ido, kuma namiji ba ya cewa ya ji tsoro. Wannan tarbiyya tana da kyau a wurare da dama, amma a bakin jirgi tana kashe mutane. Na ce wa abokina, "Malam, ka yi haƙuri, yau ba za mu tashi ba." Ƙaramar ta yi kuka. Da malamata ta ji labari, ta kira ni ta ce ranar ce ta tabbatar ta koyar da ni.

Ba tsoron banza ba ne. In ido ya rasa layin da ya raba sama da ƙasa, kunnen ciki, wanda ke gaya wa mutum daidaituwarsa, sai ya fara yi masa ƙarya. Jirgi yana karkacewa, jiki yana cewa a miƙe yake. Abin da masu bincike suka gano ke nan a hatsarin John F. Kennedy ƙarami, ɗan tsohon shugaban Amurka, wanda ya faɗa teku a daren 16 ga Yulin 1999 tare da matarsa da yayarta. Ba su sami laifin inji ba. Dare ne, ga hazo, ga biki da ake jiran su. Duk wanda ya san hazon hunturu a arewa ya san irin wannan sararin, fari fat ba gaba ba baya.

Ba zan ɓoye ba, ƙaramin jirgi bai kai jirgin fasinja aminci ba, tazarar ma tana da yawa, kuma galibin hatsarinsa daga shawarar matuƙi yake fitowa, ba daga ƙarfe ba. Shi ya sa doka ba ta sakin mutum bayan lasisi: kowace shekara biyu sai ya koma gaban malami, kuma ba zai ɗauki fasinja ba sai ya yi tashi da sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce. Akwai kuma wani tsari da nake jin kishinsa ƙwarai. Tun 1976 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, take karɓar rahoton kuskure daga matuƙa, ta goge sunansu, ta yaɗa labarin don wasu su koya. Wanda ya kai rahoton kansa cikin kwana 10 yana iya tsira daga hukunci, muddin ba ganganci ya yi ba kuma ba a kai ga hatsari ba. A zauren filinmu za ka ji dattijo mai furfura yana ba yara labarin wautar da ya tafka, ba tare da ya ji girmansa ya zube ba. Mu kuwa wanda ya yi kuskure a wurin aiki, abu na farko da yake nema shi ne yadda zai binne shi.

Lokacin da marigayi Danbaba Suntai, gwamnan Taraba, ya yi hatsari kusa da Yola a Oktoban 2012 cikin jirgin da shi da kansa yake tuƙawa, abin da na fi ji a bakin mutanenmu shi ne "me ya kai shi?" A ganina mun ɗauki darasin a baibai. Sha'awar tashi ba laifi ba ce. Abin da muke buƙata ƙananan ƙungiyoyi ne da ƙananan filaye, inda mai sha'awa zai zauna cikin 'yan uwansa matuƙa waɗanda za su iya ce masa kada ka tashi yau, komai girman rawaninsa. A nan Amurka akwai shirin da tun 1992 matuƙa ke ɗaukar yara 'yan shekara 8 zuwa 17 shawagi kyauta, an ɗauki sama da miliyan 2. Ina tuna yaranmu da ke ɗaga kai duk lokacin da jirgi ya wuce, ba su taɓa ko taɓa jikinsa ba.

Yaya zai zo ziyara a bazara mai zuwa. Ya ce zai shiga, amma sai ya ga yadda nake duba man nan da idonsa. Na ce masa shi zai riƙe kofin.